Daga Farin Magi zuwa Maganin Ƙanjamau: Tambayoyi da Amsoshi kan Haɗa Amino Asid da Magungunan Bairos a Masana'anta

Mai kiwon kaji da ke sayen metiyonin, da uwargida mai barbaɗa farin magi a miya, da wanda ke karɓar kwalbar magani a asibiti duk bayan wata uku, dukkansu abokan cinikin sana'a ɗaya ce: haɗa sinadarai a manyan tankuna. Yawan matakan da ake bi kafin a samu garin, da yawan abin da ke zubewa a hanya, su ke yanke farashin da kowannensu zai biya.

Mene ne amino asid, kuma me ya kai shi masana'anta?

Amino asid ƙananan sinadarai ne da jiki ke jerawa ɗaya bayan ɗaya su zama furotin, wanda ke gina tsoka da fata da gashi da jini. Iri 20 ne. Jikin mutum yana ƙera 11 da kansa, sauran 9 kuwa sai an ci su a abinci, cikinsu akwai laisin da metiyonin da balin.

Kasuwarsu ba ƙarama ba ce. Gulutamet, wanda ake yin farin magi da shi, ana fitar da sama da tan miliyan 3 a shekara a duniya. Laisin ya haura tan miliyan 2, metiyonin ya haura tan miliyan 1, kuma akasarinsu a cikin abincin kaji da aladu da kifi suke ƙarewa. Wanda ke shiga harkar magani ɗan kaɗan ne in aka auna da buhu, amma shi ya fi tsada, don tsabtar da ake nema a wajensa ta fi ta abincin dabba nesa ba kusa ba.

Ta wace hanya ake yin su?

Hanyar da ta fi tsufa ita ce a dafa furotin cikin ruwan asid mai ƙarfi har ya warware, sannan a tsince wanda ake so. Sai hanyar haɗawa daga tushe, wadda wani Bajamushe mai suna Adolph Strecker ya buɗe a 1850, lokacin da ya haɗa alanin da sinadarai uku, cikinsu har da amoniya da sayanaid. Sayanaid ɗin nan shi ne gubar da ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci, wadda ake jiƙa shi ko a shanya don ta fita. A masana'anta ba ya saura cikin kayan da aka gama, domin ya rikiɗa ya zama wani ɓangare na sabon sinadarin.

Yau dai tsimi ne ya mamaye kasuwar: a ba wa bakteriya sukari da amoniya da iska, ita kuma ta zubo amino asid cikin ruwan. Akwai kuma aiki da enzayim kaɗai, wato furotin da ke hanzarta haɗin sinadarai, ba tare da bakteriyar ba. Kamfanin Tanabe Seiyaku na Japan ya fara wannan a 1969, inda ya liƙa enzayim a jikin wasu ƙwayoyi cikin dogon bututu, ruwan yana ratsawa yana fita, enzayim ɗin yana nan a wurinsa ana ta mora.

Farin magi fa, da gaske ne daga sinadarai masu haɗari ake yin sa?

A'a. Wanda ke kasuwa yanzu daga rake, masara ko rogo ya fito.

A 1908 wani farfesa a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano cewa gulutamet ne ke ba romon wata ciyawar teku ɗanɗanonsa. A 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, kuma a lokacin daga furotin ɗin alkama ake tatso shi da ruwan asid, aiki mai wahala da ke cinye tukwane. A 1956 masu bincike na kamfanin Kyowa Hakko, ƙarƙashin Shukuo Kinoshita, suka samo wata bakteriya a cikin ƙasa wadda ke zubar da gulutamet da kanta. Sunanta Corynebacterium glutamicum, kuma har gobe ita ce ginshiƙin wannan sana'a.

Ga yadda aikin yake. Tankin ƙarfe ne da zai iya cin lita dubu ɗaruruwa, an tsabtace shi da tururi. A zuba ruwan sukari, a sa irin bakteriyar, injin yana juyawa, ana hura iska ta ƙasa, zafin yana tsaye a wajen digiri 30 da ɗan wani abu. Da ruwan ya fara tsami sai a ɗiga amoniya, wadda ke rage tsamin kuma ta zama abincin bakteriyar. Dabarar ita ce a rage mata bitamin da ake kira bayotin. Idan ta rasa shi sai fatarta ta saki, gulutamet ɗin da ta tara ya riƙa tsiyayowa waje. Cikin kamar kwana biyu an gama. Sai a tace, a daskarar, a wanke launin da gawayi, a busar, ya fito fari tas.

Tsimi ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ɗanɗanon daddawa ma na gulutamet ne, wanda wata bakteriya daban ta saki daga furotin ɗin kalwa lokacin da aka rufe ta ta kwana. Ajinomoto ya kafa reshensa a Legas a 1991 da sunan West African Seasoning Company, yana ƙunsa garin a ƙananan ledoji.

To yana da illa ga lafiya?

Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ya duba shi a 1987 bai ga dalilin sa masa iyaka ba. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta fi taka-tsantsan, a 2017 ta ce kada ya wuce miligiram 30 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Abin da mai hawan jini ya kamata ya riƙe shi ne farin magi yana ɗauke da sodiyam, kimanin kashi 12 cikin 100, gishiri kuma kashi 39. Wadda ta zuba gishiri, ta jefa dunƙulen magi uku, ta ƙara fari a kai, ta tara sodiyam daga wuri uku.

Ana yawan maganar sinadari na dama da na hagu. Me ake nufi?

A nan gizo ke saƙar. Ka ɗora tafin hannunka na dama a kan bayan na hagu: yatsu biyar-biyar ne, amma babban yatsa yana kallon wani gefe daban, ba za su taɓa hawa daidai ba. Haka 19 daga cikin amino asid 20 suke da siffa biyu, ana kiran ɗaya L, ɗayar D. Furotin ɗin jikinmu da L kaɗai ake gina shi.

Matsalar masana'anta ita ce hanyar Strecker ba ta bambancewa, rabi L take bayarwa rabi D. Ka sayi kayan aiki na tan goma, ka ƙona wuta, rabin abin da ya fito ba shi da amfani, kuma raba su aiki ne, tunda nauyinsu ɗaya, zafin narkewarsu ɗaya. Bakteriya kuwa L zalla take yi. Shi ya sa tsimi ya kori haɗin sinadarai a yawancin amino asid.

Wanda ya fara karya wannan ƙa'ida a masana'anta shi ne William Knowles na kamfanin Monsanto a Amurka. Ya ƙera wani sinadari mai ɗauke da ƙarfen rodiyam wanda ke tilasta haɗin ya karkata hannu ɗaya, aka yi amfani da shi wajen yin L-DOPA, amino asid ɗin da ake ba masu cutar rawar jiki ta Parkinson. Ya samu kyautar Nobel a 2001 tare da Ryoji Noyori da Barry Sharpless.

In haka ne, me ya sa metiyonin na abincin kaji har yanzu daga man fetur da gas ake yin sa?

Don kaza tana da rangwame a kansa. Hantarta da ƙodarta suna juya D ya koma L, saboda haka ba sai an raba ba. Shi ne abin da ya sa za ka ga an rubuta DL a jikin buhu. Laisin ba shi da wannan gata, D ɗinsa asara ne, dole sai ta tsimi.

Kayan haɗin metiyonin ba abin wasa ba ne: akrolin daga furofilin na matatar mai, wata iska mai warin sulfa da ake yi da metanol, sai sayanaid da amoniya. Kamfanin Degussa na Jamus, wanda yanzu ake kira Evonik, ya fara yin sa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Masana'antarsa ta biyu a Singafo, wadda aka buɗe a 2019, ta ci fiye da yuro miliyan 500 kuma tana fitar da tan 150,000 a shekara. Kamfanonin da ke iya wannan a duniya ba su cika hannu biyu ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a wajen niƙa abincin kaji ya san shi. Farin gari ne mai ɗan wari, ba a zuba shi da kwano, a kan ƙaramin sikeli ake auna shi, kilo 2 zuwa 3 a cikin tan guda. Mai haɗin da ya san aikinsa yakan fara cuɗa shi da ɗan garin masara a baho kafin ya juye cikin injin, don kada ya taru a kusurwa ɗaya. Masara da waken suya ba su da isasshensa. Idan ya yi ƙaranci ƙwai ya ƙanƙance, gashi ya ƙi fitowa da kyau, kaji su fara tsigar juna. Kuma da dala ake shigo da shi, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, kiret ɗin ƙwai yana ji a jikinsa.

Ƙarancin masu yi yana buɗe ƙofar haɗa baki. A 1996 kamfanin ADM na Amurka ya amsa laifin haɗa kai da kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu wajen tsayar da farashin laisin, aka ci shi tarar dala miliyan 100 a kan laisin da wani sinadarin.

Akwai maganar halal a ciki?

Akwai, musamman a kan amino asid ɗin da ake kira sistin, wanda wasu masu burodi da biskit ke sawa don kwaɓi ya yi laushi. A kan kayan Turai lambarsa E920. An daɗe ana tatso shi daga gashin agwagwa, da gashin alade, da gashin mutum da ake tarawa a wuraren aski. Kamfanin Wacker na Jamus yana yin sa ta tsimi daga sitaci, kuma irin wannan ne hukumomin tantance halal ke karɓa ba gardama. Gulutamet da laisin na tsimi daga tsirrai suke. Hukunci na malamai ne, amma tambayar da za a kai musu ita ce daga me aka samo, ba sunan sinadarin ba.

Me ya haɗa amino asid da maganin bairos?

Abu biyu. Na farko, araha ce hanyar samun hannun da ake so. Maimakon mai haɗa magani ya sha wahalar ƙera siffar L, sai ya sayi balin ko alanin da bakteriya ta riga ta yi, ya ɗora gini a kai. Na biyu, jiki ya san su, yana buɗe musu ƙofa.

Acyclovir, maganin ƙarambau da ƙurajen da ke fesowa a leɓe ko al'aura, ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion a kamfanin Burroughs Wellcome. Yana aiki, amma in an haɗiye shi abin da ke shiga jini bai wuce kashi 10 zuwa 20 ba, har wani lokaci sai an sha sau biyar a rana. Da aka maƙala masa balin guda ɗaya sai ya zama valacyclovir. Hanji ya ɗauka abinci ne ya janye shi, jiki ya cire balin ɗin, abin da ke shiga jini ya haura rabi.

Alanin ma haka. Chris McGuigan na Jami'ar Cardiff ya ƙirƙiro dabarar lulluɓe ɓangaren magani da shi don ya ratsa fatar ƙwayar halitta kafin ya buɗe. A kan wannan dabara aka gina sofosbuvir na ciwon hanta nau'in C, da remdesivir da aka yi amfani da shi lokacin korona, da sabon tenofovir wanda miligiram 25 nasa ke yin aikin miligiram 300 na tsohon.

Wasu magungunan kuma kwaikwayon furotin suke yi. Ƙwayar ƙanjamau tana da enzayim da ke yanka dogon furotin gunduwa-gunduwa kafin ta hayayyafa. Sai a ƙera abin da ya yi kama da wurin yankan amma ba ya yankuwa, enzayim ɗin ya cafke shi ya maƙale. Ritonavir da lopinavir da atazanavir duk haka suke, kuma da gutsattsarin amino asid aka gina su. Wani dogo cikin magungunan da aka gina da amino asid shi ne enfuvirtide na 2003, amino asid 36 a jere, wanda kamfanin Roche ya riƙa bin matakai 106 kafin ya gama shi. Tsadarsa da kasancewarsa allura sau biyu a rana suka hana shi yaɗuwa.

Maganin kashe bakteriya, irin jan kafso, ba zai yi wa bairos ba?

Ba zai yi ba. Bakteriya tana da bangonta da kayan aikinta da magani zai kai wa hari, bairos kuwa cikin ƙwayar halittar mutum yake shiga ya yi aiki da kayanta. Shan amoxicillin don mura asarar kuɗi ce, kuma yana koya wa bakteriya jure magani.

Me ake nufi da matakai, kuma me ya sa yawansu ke da muhimmanci haka?

Kowane mataki haɗi ne guda: a narkar da kaya a tanki, a ƙara wani, a sanyaya ko a ɗumama, a jira, a tace, a wanke, a busar, a gwada. Babu matakin da ke ba da ɗari bisa ɗari. Idan kowanne yana ba da kashi 90, bayan mataki goma kashi 35 ne zai rage. Idan kashi 80 ne, abin da zai rage bai kai 11 ba. Ga shara kuma: masanin nan Roger Sheldon ya ƙiyasta cewa a harkar magani kowane kilo ɗaya yana barin kilo 25 zuwa 100 na shara, yawancinsa ruwan narkarwa.

Mu ɗauki TLD, ƙwaya ɗaya a rana da yawancin masu ɗauke da ƙanjamau a Najeriya da Nijar da maƙwabta ke sha. Magani uku ne: tenofovir miligiram 300, lamivudine 300, dolutegravir 50. Miligiram 650 a rana ke nan, kusan giram 237 a shekara. Mutum miliyan ɗaya suna buƙatar tan 237. A irin wannan lissafi, rage dala goma a kan kilo kuɗi ne mai yawa.

Kowanne cikin ukun yana da wurin dama da hagu. Tenofovir, wanda Antonín Holý ya fara haɗawa a birnin Prag, ana gina shi daga adenin. Masanan gidauniyar Clinton sun sake duba matakansa, suka wallafa a 2010 cewa sun ɗaga abin da ke fitowa daga kashi 13 zuwa 24. Lamivudine kuwa labarinsa ya fi daɗi. Siffofinsa biyu duka suna kashe ƙwayar cutar, amma wadda ta saɓa wa ta jikinmu ita ce ba ta cutar da mutum sosai. Don a samo ta ita kaɗai, ana maƙala mentol, wanda ke cikin man zafi da alawar tari, ya ja haɗin gefen da ake so, daga baya a cire shi. Dolutegravir ya maye gurbin efavirenz, wanda miligiram 600 ake sha. Ko ba a duba ƙarfinsa ba, gari ɗaya bisa goma sha biyu ake buƙata.

Na ji an ce akwai maganin mura da ake yi daga kayan ƙamshi?

Oseltamivir ne, wanda aka fi sani da Tamiflu. Kamfanin Gilead ya gano shi, Roche ya fitar da shi kasuwa a 1999. Yana da wurare uku na dama da hagu, wato siffa takwas, ɗaya kawai ake so. Sai aka fara daga wani asid mai suna shikimik, wanda tsiro ya riga ya tsara, kuma ana samunsa da yawa a cikin wani kayan ƙamshi mai siffar tauraro da ake nomawa a kudancin Sin. Hanyar tana bi ta sinadarin azaid, wanda ke iya fashewa, don haka ba kowace masana'anta ke taɓa shi ba.

Da murar tsuntsaye ta tayar da hankalin duniya a 2005, gwamnatoci suka yi rububin tara maganin, kayan ƙamshin ya yi tsada. Cutar ta iso Afirka a Fabrairun 2006, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita. Abin da ya kawo sauƙi shi ne tsimi: John Frost na Jami'ar Jihar Michigan ya riga ya gyara bakteriyar E. coli ta riƙa yin shikimik daga sukari, Roche ya koma samun wani kaso daga nan.

Idan haɗawa ce ke yanke farashi, me ya sa wani magani ke kai dubban daloli?

Don kafin a kai ga tanki akwai haƙƙin mallaka, wanda ke hana kowa kwaikwayo tsawon shekara 20. AZT, maganin ƙanjamau na farko, Jerome Horwitz ya haɗa shi tun 1964 don cutar daji bai yi aiki ba. Da aka amince da shi a 1987, kimanin dala 10,000 ake sayar da na shekara. A 2000 haɗin magani uku yana nan sama da dala 10,000. A Fabrairun 2001 Yusuf Hamied na kamfanin Cipla a Indiya ya ce zai bayar a dala 350. Ya iya ne saboda dokar Indiya ta 1970 hanyar haɗawa kawai take karewa, ba maganin kansa ba, abin da ya sa masanan ƙasar suka gwanance wajen nemo sabuwar hanya zuwa tsohon magani. A Nuwamban wannan shekara aka yi sanarwar Doha, wadda ta tabbatar wa ƙasashe 'yancin fifita lafiyar jama'a.

Daga 10,000 zuwa 350 aikin doka ne da gasa. Amma TLD ya shigo a 2017 a kan dala 75 na shekara, a 2023 Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya ya sanar da ƙasa da dala 45. Wannan saukowar ta biyu, a ganina, ba a yaba wa masu ita yadda ya kamata. Mutane ne da suka shekara suna neman yadda za a cire mataki ɗaya ko a sake amfani da ruwan narkarwa.

Sofosbuvir na ciwon hanta nau'in C ya fito a Amurka a ƙarshen 2013 a kan dala 84,000 na mako 12, dala 1,000 kowace ƙwaya, alhali masu bincike a Jami'ar Liverpool sun ƙiyasta kuɗin yin sa bai wuce dala 136 ba. Masar ta ƙi ba shi haƙƙin mallaka, kamfanoninta suka yi nasu, ta gwada miliyoyin mutane daga 2018, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zinare a hanyar kawar da cutar. Yanzu kallo ya koma kan lenacapavir, allurar kariya daga ƙanjamau sau biyu a shekara. Farashinta na shekara a Amurka ya haura dala 28,000, amma a Satumban 2025 an sanar cewa kamfanonin Indiya za su bayar a dala 40 daga 2027.

Na Indiya mai araha daidai yake da na asali?

Idan ya bi ta tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka fara a 2001, ko ta wata hukuma mai tsauri, e, daidai yake. Ana gwada cewa yawan da ke shiga jini ɗaya ne, ana kuma zuwa a duba masana'antar.

Haɗarin yana cikin canza hanya ba tare da an bincika abin da ya biyo ta ba, kuma wannan bai bar manya ba. A 1989 wani amino asid, tiriftofan na kamfanin Showa Denko na Japan, ya jawo wata cuta ga mutane fiye da 1,500 a Amurka, aƙalla 37 suka mutu, bayan kamfanin ya sauya irin bakteriyarsa ya kuma rage gawayin tacewa. A 1998 ritonavir na kamfanin Abbott ya fara daskarewa a wata sabuwar siffa da ba ta narkewa da kyau, tilas aka janye kafson daga kasuwa har aka sake tsara shi. Sinadarin bai canza ba, zaman ƙwayoyinsa ne ya canza.

Ga mai sha, shawarar gajera ce: a karɓa a asibiti ko kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai ciwon hanta nau'in B da ke shan tenofovir kada ya daina da kansa, domin cutar na iya tasowa da ƙarfi. Danne ta yake yi, ba ya warkar da ita, saɓanin nau'in C da ake warkewa.

Me ya hana Najeriya yin nata?

A bambanta abu biyu. Buga ƙwaya daga garin da aka shigo da shi, ana yi a Legas da Ogun da Kano. Haɗa garin kansa shi ne babu, kusan duka daga Indiya da Sin yake zuwa, Indiyar ma tana sayen kayan farko daga Sin.

Ba kayan tushe ne suka yi ƙaranci ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo, wanda Tailan da Biyetnam ke juyawa zuwa gulutamet. Akwai amoniya a masana'antun takin Dangote da Indorama, akwai gas, akwai furofilin. Abin da babu shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, domin tankin tsimi in injin iska ya tsaya na ɗan lokaci kayan ciki sun lalace. Babu masu yin ruwan narkarwa da ƙananan sinadarai a kusa, babu wurin sarrafa shara mai guba, bashin banki kuma ruwansa ya fi ƙarfin aikin da sai ya shekara biyar kafin ya dawo da kuɗi. Sannan wa zai saya? Yawancin maganin ƙanjamau masu ba da tallafi ke biya, su kuma sai mai shaidar tantancewa kuma mafi araha. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya, kuma da Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025 kowa ya ga inda rauninmu yake.

Ra'ayina shi ne a fara da laisin da gulutamet daga rogo da masara. Kasuwarsu tana nan a gida, ba sa jiran mai tallafi, kuma wanda ya iya riƙe tankin tsimi da tsabta shekara guda ya samu ma'aikatan da za a iya ɗora aikin magani a kansu.

Zazzaɓin Lasa fa, yana da nasa maganin?

Har yanzu babu wanda aka ƙera musamman dominsa, duk da cewa tun 1969 aka gano cutar a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Abin da ake bayarwa shi ne ribavirin, tsohon magani na farkon shekarun 1970, bisa wani bincike da aka yi a Saliyo aka wallafa a 1986. Masana da suka sake duba alƙaluman wannan bincike sun nuna yana da rauni, kuma maganin yana rage jini, ba a kuma son sa ga mai ciki. Haɗa shi ba wuya, matakansa kaɗan ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗin gwaji, tunda cutar ta talakawan Afirka ta Yamma ce. An gwada favipiravir, maganin mura da Japan ta amince da shi a 2014, a kan masu Lasa a asibitocin Irrua a Jihar Edo da Owo a Jihar Ondo. Kafin a samu tabbataccen magani, wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin maleriya a lokacin rani ya je asibiti da wuri, domin kula da ƙoda da ƙarin ruwa a kwanakin farko suna ceton rai.